Tsohuwar kasuwa za ta iya zama gidan wasan alkahura? Laccar da wani malamin zanen gine-gine ya yi a Sakkwato

Na rubuto wagga lacca daga rikodin ɗin wayata, gaisuwar farko da addu'ar buɗewa kawai na cire.

Toh jama'a, in aka ce sakas, wato wasan bajinta da ake yi wa 'yan kallo, galibinmu zaki muke tunawa da giwa da wani mai jan hanci. Wancan tsohon yayi ne. Tun shekarun 1970 aka fara wani sabon salo, babu dabbobi, jikin ɗan Adam ne kawai, alkahura, hawan igiya, lilo a sama, tafiya kan waya, ana haɗawa da kiɗa da labari kamar wasan kwaikwayo. Ƙungiyar Cirque du Soleil da kuke gani a YouTube a Kanada aka kafa ta 1984, kuma masu wasan titi suka fara ta. A Afirka ma Habasha sun fara nasu a 1991, Gini suna da Circus Baobab.

Mi ya haɗa wanga da kasuwa? Rufi ne ya haɗa su. Mai lilo a sama yana son tsawo da fili wanda ginshiƙai ba su cika shi ba, kuma tsoffin kasuwannin Turai haka aka gina su, rufi can sama don iska ta ratsa, wari ya fita. A Paris akwai Grande Halle ta La Villette, an gina ta tsakanin 1865 da 1867, kasuwar shanu ce, wato Kara ɗinsu kenan kamar tamu, tsawonta ya haura mita 200, ƙarfe da gilas. An rufe harkar dabbobi a wurin 1974, ba su rushe ba, suka gyara suka sake buɗewa 1985, yau masu sakas suna wasa a inda ake ɗaure bijimai. A Burasel ta Beljiyam kuma akwai kasuwar Schaerbeek, ita ma 1865, gobara ta cinye ta 1898 aka sake ginawa, daga baya ciniki ya mutu aka bar ta kango, sai a shekarun 1970 masu wasanni suka shiga suka raya ta. Da na karanta labarin gobarar nan wallahi babbar kasuwarmu na tuna, watan Janairun 2021, duk wanda ya ga hayaƙin ranar nan bai manta ba.

Yanzu bari in daɗe a kan aikin kansa, don nan ake kuskure. Ba fenti ba ne da kujeru. Abu na farko da injiniya zai duba shi ne inda za a ɗaure igiya. Yaro mai kilo 60 in ya sako daga sama igiya ta tare shi, nauyin da ke faɗa wa ƙarfen ya ninka nauyinsa sau da yawa, shi ya sa masu wannan sana'a suke lissafi da ninki goma. Kuma tsohon ƙarfen zubi yana ɗaukar danni amma ba ya son fizga, ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsinkewa yake yi kawai. Don haka dabarar da na fi yarda da ita a kafa sabon firam na ƙarfe a ciki mai tsayuwa da ƙafafunsa, igiyoyi su rataya a kansa, tsohon gini a bar shi ya ɗauki kansa kaɗai. Gobe in an fasa sai a kwance firam ɗin, bango bai ji ciwo ba.

Sai daɓe. Siminti maƙiyin gwiwa ne, katako ake shimfiɗawa mai ɗan lotsawa da katifu. Akwai wani yaro a unguwarmu, bai fi shekara 14 ba, yana jera alkahura ta baya har biyar a kan simintin gaban shaguna, yara na tafi, ranar nan na gan shi zaune ya ɗaure gwiwa da tsumma ta kumbura kamar ƙwarya, ya ce Baba ba komai zai sace. Abin ya tsaya min a rai har yau.

Zafi kuwa kun fi ni sani, watan Afrilu muna wuce 40, ƙarƙashin kwano hannu ya yi zufa igiya ta suɓuce. Kar a toshe kafofin iskar da magina na farko suka bari. Ƙofofin gudu in wuta ta tashi, da wayarin sabo fil, wannan ba sai na ja ba.

Wani zai ce Malam wanga ai al'adar Turawa ce. A'a. Ina gardawa suke wasa in ba kasuwa ba? 'Yan tauri, 'yan kama, da 'yan hoto masu cilla galma sama su tare ta da jiki, na gan su ina yaro ranar cin kasuwa a ƙauyenmu, mutane sun yi da'ira, kalangu na tashi, galma tana juyi a sama kowa ya riƙe numfashi. Kasuwa ce dandalinsu tun asali, mu muka bar su ba wurin koyo ba inuwa.

(Wani dattijo ya yi tambaya ko za a tashi 'yan kasuwa daga rumfunansu.)

Alhaji, Allah ya ƙara girma, tambayarka ita ce ta fi damuna. Ni ban yarda a tashi mai tumatir ko baduku daga rumfarsa don a yi wasa ba, ko kusa. A kasuwar Covent Garden ta Landan an kwashe masu kayan gwari 1974, gini ya tsira, masu wasan titi suna nan, amma shagunan masu tsada ne suka maye wurin. Kasuwarmu da ke ci a bar ta ta ci. Sito ko rumfar da ta mutu nake magana, kuma masu shayi da masu fura na gefen su zauna inda suke, 'yan kallo in sun fito ai wurinsu za su nufa. Sannan dole a zauna da malamai da masu unguwa tun kafin a ɗora bulo ɗaya, a yi maganar sutura da lokutan salla da wurin zaman mata.

Ga kiran la'asar can, sauran tambayoyi sai mun dawo daga masallaci.