Firgita Daban, Fargaba Daban: Yadda Ake Zaɓa wa Mayen Karatu Littafin Ban Tsoro

[Hoto: teburin mai shayi a unguwar Aboabo, Kumasi, bayan sallar isha'i. Samari da wayoyi a hannu, ana ta cacar baki.]

Assalamu alaikum jama'a. Sati biyu ke nan ana wannan musu, daga majalisar shayi har cikin wayoyinmu: wai littafi ba ya tsorata mutum, sai fim. Wani ya ce ya karance Dracula daga bango zuwa bango, ko gezau. Wata ta ce ita barci ma ya sa ta. Shi ne aka yi ta turo mini, wai ni da na cika wa mutanen Kumasi kunne da zancen littattafai in fito in kare kaina.

To, ga ni. Sai dai da ƙanwata zan fara.

Yarinyar nan, in ka ba ta littafi mai shafi 400 ranar Juma'a, Lahadi da la'asar za ta dawo maka da shi tana tambayar ko akwai wani. A trotro, wato motar haya, karatu, a gindin murhu karatu. Rannan ta ce mini, "Yaya, ba ni na ban tsoro, wanda zai hana ni barci." Na shiga ɗaki na zaƙulo wanda tun daga bangonsa jini ke ɗiga. Washegari da safe ta miƙo mini abina. Ta ce, "Yaya, wannan ai mayanka ce kawai. In jini nake so in gani, na san hanyar layin mahauta."

[Hoto: hannu yana jera littattafai a kan tabarma, da sauri.]

Sauran matakan zaɓa wa irinta littafi ba sa buƙatar dogon bayani. Tambaye ta me ta karanta kwanan nan. Kada ka ba ta wanda ta riga ta kalli fim ɗinsa. Kada ka jibga mata goma a lokaci guda. Shi ke nan, mun wuce wurin.

Inda ni na yi tuntuɓe, kuma inda masu musun nan suke yi, shi ne kalmar "tsoro" kanta. Muna faɗinta kamar abu ɗaya ne, alhali uku ne a cikin buhu guda.

Akwai firgita. Kana tafiya a lungu, kyanwa ta diro daga kan kwano, gabanka ya faɗi, bayan daƙiƙa biyar kana yi wa kanka dariya. Akwai ƙyama, wato abin da ke tayar maka da zuciya, kamar wanda na ba ƙanwata. Sannan akwai fargaba: ba abin da ya faru tukuna, amma jikinka ya ba ka wani abu na tafe, kuma ba ka san ta ina zai ɓullo ba.

Firgita sana'ar fim ce, domin fim yana da sauti kuma shi ke riƙe da agogo. Ya yi shiru, ya yi shiru, sai ya buga maka ganga a kunne lokacin da ya ga dama. Littafi ba shi da ganga. Kai ke juya shafi, kai ke tsayawa ka kurɓi shayi. Duk wanda ya buɗe littafi yana jiran a razana shi kamar a fim, ya je kasuwar doya neman kifi. Abin da takarda ta fi fim iyawa shi ne fargaba.

Ba ni na gano wannan ba. Wata marubuciyar Ingila, Ann Radcliffe, ta bambance fargaba da firgita a wata maƙala da aka buga a 1826, bayan rasuwarta. Marubucin Amurka Stephen King ma, a littafinsa na 1981 kan wannan fanni, ya kasa su gida uku, ya ɗora fargaba a sama, ƙyama a can ƙasa, kuma ya amsa da bakinsa cewa in ya kasa cimma na saman yakan sauko na ƙasan. Aƙalla ya faɗi gaskiya.

Amma kafin su duka, kakanninmu sun san abin.

[Hoto: tsakar gida, an ɗauke wuta, aci-bal-bal a tsakiya, yara sun kewaye tsohuwa.]

Ku tuna tatsuniyar Dodo. Sau nawa kaka ta tsaya ta siffanta muku shi, tsawonsa kaza, haƙoransa kaza? Ni dai tawa ba ta taɓa yi ba. Takan rage murya ne ta ce, "Sai ta ji motsi a bakin rafi." Ta yi shiru. Mu bakwai ne a tabarmar, kowa ya ƙera nasa Dodon a kansa, kuma kowa ya ƙera daidai wanda zai fi kaɗa masa hanta. Da ta zana mana shi, da ɗaya cikinmu ya ce ai bai kai karen gidan maƙwabta muni ba.

Yanzu zan ba ku misali, kuma a nan ba ni da hoton da zan nuna muku. Allon zai yi baƙi. Ba wayarku ce ta lalace ba, kuma ba dumsor ba ne, ba a ɗauke wuta ba. Ku dai saurara.

[Allo baƙi.]

A 1902 wani Bature mai suna W. W. Jacobs ya rubuta ɗan gajeren labari, The Monkey's Paw, wato dagin biri. Tsoho da matarsa da ɗansu saurayi. Wani tsohon soja da ya dawo daga Indiya ya bar musu busasshen dagin biri, wai yana biyan buƙata uku. Cikin wasa tsohon ya roƙi fam 200 don ya biya bashin gida. Washegari sai ga baƙo daga wurin aikin ɗan. Inji ya kama yaron, ya rasu. Kamfani ya ce ba laifinsa ba ne, amma ga ɗan abin ta'aziyya. Nawa? Fam 200.

An yi jana'iza. Bayan kamar mako guda, cikin dare, uwar ta zabura ta ce saura buƙata biyu, a roƙa ɗanta ya dawo. Tsohon ya ƙi, don shi ya ga gawar, da tufafi kawai ya gane ta. Ta matsa masa har ya roƙa. Shiru. Ba abin da ya faru. Suka kwanta.

Maƙabartar tana da nisan mil biyu. Mai tahowa a ƙasa yana buƙatar lokaci.

[Ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya, a hankali.]

Uwar ta ruga ƙasa. Sakatar sama ta fi ƙarfin tsawonta, tana jan kujera. Bugun ƙofa yana ƙaruwa. Tsohon yana rarrafe a duhu yana laluben dagin birin a ƙasa. Ya same shi daidai lokacin da sakata ta zame. Ya yi roƙo na uku. Ƙofa ta buɗe, ba kowa, sai fitilar titi da iska mai sanyi.

[Hoto ya dawo: fuskar mai magana.]

Me kuka gani a bayan ƙofar nan? Marubucin bai nuna komai ba, ko ɗan yatsa. Abin da kuka gani ku kuka kawo shi. Masu cewa na ɓata musu labari kuma, ku yi haƙuri, ya shekara fiye da 120 yana jiran ku.

Ga dalilin da ya sa wannan ya fi muhimmanci ga mayen karatu. Wanda ya karanta littafi ɗari biyu ya ga kowane irin dodo, ya san dabarun marubuta kamar yadda direban trotro ya san ramukan hanyarsa. Ba za ka ba shi mamaki da sabon dodo ba. Mu kuma 'yan zango muna da ƙarin matsala: fatalwar Bature mai yawo da farin mayafi ba ta cika kama mu ba. Yaron da ya tashi yana jin labarin mayu da aljanu, kuma aka koya masa Ayatul Kursiyyu tun yana makarantar allo, in fatalwa ta leƙo a shafi na 30, karantawa zai yi ya tofa ya wuce. Abin da ke kama mu shi ne abin da ke cikin gida: uwa da ta kasa haƙura da mutuwar ɗanta, ko mutumin da ya fara shakkar hankalin kansa.

Don haka kada ka tambayi mai karatun wane dodo take so. Tambaye ta yaushe rabon da ta rufe littafi ta kasa kashe fitila, kuma a wane wuri ne. Amsarta ita za ta zaɓa maka littafin.

In ta ce wurin rashi ne da makoki, ba ta Pet Sematary na Stephen King, 1983. Jikan labarin dagin birin nan ne: likita, ƙaramin ɗansa, titin da manyan motoci ke gudu, da wata maƙabarta a bayan gida. King da kansa ya jefa rubutun a aljihun tebur na wani lokaci don yana ganin ya wuce gona da iri. Mai ƙaramin yaro a gida, ban ba ki shawarar wannan ba, kuma da gaske nake.

In ta ce ita abin da ke damun ta shi ne kaɗaici da rashin sanin ko idonta na yi mata ƙarya, to The Haunting of Hill House na Shirley Jackson, 1959. A ra'ayina shi ne sarkinsu, duk mai ja ya same ni wurin mai shayi. Akwai wani dare a ciki da wata mata take kwance a duhu, tana jin muryoyi ta bango, ta ƙanƙame hannun abokiyar kwananta. Fitila ta kama. Abokiyar tana can kan nata gadon, ashe ba hannunta ba ne. Ba ɗigon jini ko ɗaya a wurin, amma ni tun daga ranar ba na barin hannuna ya leƙo daga gado.

[Hoto: tsohon jirgin ruwa a cikin hazo.]

Shi kuma Dracula da ake ta zagi, Bram Stoker ya fitar da shi a 1897, kuma duk littafin wasiƙu ne da kundin tunawa da yankan jarida. Bayan babukan farko, shi mai sunan ba ya cika fitowa fili. Nemi wurin da kyaftin ɗin jirgin ruwa yake rubuta abin da ke faruwa kullum: kayan da ya ɗauko akwatunan ƙasa ne, ma'aikatansa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har jirgin ya iso gaɓar Ingila da gawarsa ɗaure a jikin sitiyari. Wanda ya ce ya karanta wannan ko gezau, ina zargin gudu ya yi. Wannan ita ce cutar mayun karatu. Fargaba kamar ataya ce, ba a yi mata wutar gaggawa. Babi ɗaya ko biyu a dare, waya a kife.

Af, tun da mun zo nan: Frankenstein sunan wanda ya haɗa halittar ne, ba sunan halittar ba. Mary Shelley ta fara rubuta shi tana 'yar shekara 18, ya fito a 1818. In an gama shi, a bi da Frankenstein in Baghdad na Ahmed Saadawi, 2013, inda wani mai sayar da tarkace a Bagadaza yake tsintar sassan jikin waɗanda bam ya kashe yana ɗinke su wuri ɗaya don a yi musu sutura.

[Hotuna da sauri: bangon littattafai, ɗaya bayan ɗaya.]

Ba kullum ake kwana da tsoro ba, ga na hutawa a gurguje. The Prophet of Zongo Street na Mohammed Naseehu Ali, 2005. Ɗan Kumasi ne, kuma akwai labarin wani mai shayi a ciki da za ku rantse kun taɓa cin bashinsa. The Hundred Wells of Salaga na Ayesha Harruna Attah, 2018, kan mata biyu a zamanin da Salaga take kasuwar goro da bayi, hanyar da fataken Hausa suka yi ta bi. Tail of the Blue Bird na Nii Ayikwei Parkes, 2009, binciken laifi a wani ƙauyen Ghana inda kimiyya ta kai iyakarta, sai labarin wani tsohon maharbi ya ɗauka. The Palm-Wine Drinkard na Amos Tutuola, 1952, mai kyakkyawan saurayin nan da ya yi ta mayar da gaɓoɓin da ya aro har ya koma ƙoƙon kai zalla. 'Yan mata, a lura da samarin kasuwa. Wanda kuma bai taɓa karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba, ya rufe wannan bidiyo ya je ya nema, ba na magana da shi.

Tsofaffin nan, Dracula da Frankenstein da na dagin biri, kyauta suke a intanet, haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa. Sauran a leƙa laburaren da ke Cultural Centre, ko wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi wajen Adum. A duba shafin ƙarshe kafin a biya. Na taɓa sayen wani, na kai kwana huɗu ina bin sa, ashe ganye uku na ƙarshe an naɗe gyaɗa da su.

[Hoto: lungu da dare, ƙofar katako a rufe.]

Ƙanwata kuwa, dagin birin na fara tura mata, na bi ta da Hill House. Wannan karon Lahadi ta zo ta wuce ba ta dawo da shi ba. Ranar Laraba bayan isha'i na bi sawun littafina. Na ƙwanƙwasa ƙofarta, shiru, alhali ina hango hasken fitila ta ƙasan ƙofa. Na sake ƙwanƙwasawa. Sai na ji muryarta can ciki, ƙasa-ƙasa: "Wane ne? In mutum ne ya yi sallama."

Na yi sallama har sau uku. Ta ce in faɗi sunan kakarmu tukuna.