Waƙar da Aretha Franklin ta karɓe daga hannun Otis Redding

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Bashir, kuma waƙa ɗaya tak za mu tattauna a kanta, wato "Respect". Malam, duk wanda ka tambaya zai ce maka ta mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin ce.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Haka za su ce, amma Otis Redding ne ya rubuta ta, shi ya fara rera ta a 1965, a kamfanin Stax da ke Memphis. Tana cikin faifansa Otis Blue, ta kuma karɓu, don ta kai lamba ta 35 a babban jadawalin Billboard, mujallar da ke jera waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka.

Hadiza: Me yake faɗa a cikinta?

Malam Bashir: Magidanci ne ya wuni yana nema, zai miƙa wa matarsa duk kuɗin da ya samo, abin da yake roƙo kawai a ba shi girmansa in ya shigo gida. Har cewa yake ta yi abin da ta ga dama in ba ya nan. Ki saurari yadda Al Jackson yake dukan ganga ba sassauci, masu busa na biye da shi, muryar Otis kuma a shaƙe take da gajiya. Ni har gobe wannan muryar tana taɓa ni.

Hadiza: Ni kuwa, Malam, can ne nake jin ba daɗi. Kamar yana cewa na biya, a girmama ni. Aretha ta juya zancen kaf. A bakinta mace ce ke kawo kuɗin, ta ce ba za ta ci amanarsa ba in ya fita, don haka mutunci haƙƙinta ne, kuma ba da muryar roƙo ta neme shi ba.

Malam Bashir: Wannan gaskiya ne. Ta riga ta saba rera ta a dandali kafin ta shiga ɗakin ɗauka a New York ranar 14 ga Fabrairu 1967, tana da shekara 24. Ta yi shekaru a kamfanin Columbia ana ba ta waƙoƙin da ba su fito da ita ba. Da ta koma kamfanin Atlantic, furodusa Jerry Wexler ya zaunar da ita gaban fiyano, ya kawo mata makaɗa daga Muscle Shoals ta jihar Alabama.

Hadiza: Kada a manta da 'yan'uwanta mata, Erma da Carolyn. Su ne 'yan amshi. Ita ta faɗa, su karɓa, salon da suka tashi da shi a cocin mahaifinsu, C. L. Franklin, a Detroit. Wurin nan da kiɗa ke tsayawa cak ta jero haruffan sunan waƙar ɗaya bayan ɗaya, babu shi a ta Otis. Busar saksofon ta King Curtis ma sabuwa ce.

Malam Bashir: Zuwa watan Yuni ta hau lamba ta ɗaya, ta kuma samo mata kyautar Grammy biyu a 1968. Sai ki duba lokacin. Baƙaƙen fata na fafutukar 'yanci, a watan Yuli tarzoma ta ɓarke a Detroit ɗin kanta, mata kuma na neman a daidaita su da maza a wurin aiki. Kowa ya ji kamar da bakinsa take magana.

Hadiza: Shi Otis ya ji haushi?

Malam Bashir: A bikin waƙa na Monterey, cikin wannan watan na Yuni, ya gaya wa jama'a cewa wata yarinya ta ƙwace masa waƙar, ya kira ta abokiyarsa, sannan ya rera abarsa da ƙarfinsa. Allah bai ba shi tsawon rai ba. Ranar 10 ga Disamba 1967 jirginsa ya faɗa tafkin Monona a Wisconsin, yana ɗan shekara 26.

Hadiza: Abin tausayi. Bayan su wasu sun gwada. Stevie Wonder ya saka ta a faifansa na 1967, mawaƙiya Adeva kuma ta mai da ita kiɗan rawa wanda ya yi tashe a Ingila a 1989. Amma da mujallar Rolling Stone ta sake jera manyan waƙoƙi 500 a 2021, ta Aretha ta ɗora a kan gaba.

Malam Bashir: Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A dokar Amurka, in gidan rediyo na AM ko FM ya saka waƙa, marubuci da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin rubutun ake biya, wanda ya rera ba ya samun ko sisi. Duk yawan saka ta da gidajen nan suka yi har Aretha ta rasu a 2018, ɓangaren Otis kuɗin ya tafi.

Hadiza: Alhali abin da mutane ke jira su ji a waƙar ita da 'yan'uwanta suka ƙara shi. Wannan bai yi mini daidai ba ko kaɗan.

Malam Bashir: Ni ma haka. Ina dai roƙon masu sauraro su nemi ta Otis su fara ji, sannan su saka ta Aretha.