Fodkas: Idan Karatun Jarrabawa Ya Fara Fita Daga Ran Ɗalibi

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Ni ce Zainab, ina tare da Malam Bala da Auwal. Yau zancenmu na masu shirin babbar jarrabawa ne, musamman waɗanda suka faro karatu da ƙarfinsu, amma yanzu ko ganin littafin ba sa son yi. Malam, gajiya ce kawai, ko da wani abu a ƙasa?

Malam Bala: Da bambanci, Zainabu. Gajiyar yau da kullum in ka samu barci sai ka tashi garau. Wannan kuwa ko ka wuni a kwance, jiki a mace za ka tashi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kanta a 1974, bayan ya lura da masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta. Mutane ne da suka zo da himma, a hankali suka zama ba su da kuzari, ba su damu da aikin ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace alamominta uku: ƙarfi ya ƙare, abin ya fita daga ranka, sannan aikin da kake yi ya daina kyau.

Auwal: Amma Malam, ai ma'aikata hukumar take nufi, ba ɗalibai ba.

Malam Bala: Gaskiyarka, a kan wurin aiki ta yi maganar, kuma ba ta kira ta cuta ba. Sai dai masu bincike sun auna waɗannan alamomi a wajen ɗalibai, sun same su. Ni alama ta biyun ce, wato abin ya fita daga ranka, take ba ni tsoro. Duk ranar da yaro mai ƙoƙari ya ce maka "oho, in an ci a ci, in an faɗi a faɗi", kada ka ɗauka lalaci ne ya same shi dare ɗaya.

Zainab: To me ke kai mutum nan? Yawan karatun ne?

Malam Bala: Ma'aunin da yake auna kansa da shi ne. Tambayi ɗalibi yaya karatu, zai ce "jiya na yi awa goma". Awa goma da me ya zauna a kanka? Shiru. In awanni ne ma'auninka, kullum kana cikin bashi, domin akwai wanda zai ce ya yi sha biyu. Hutu ya zama laifi, barci ya zama laifi.

Auwal: Ni fa ina ganin ana sangarta ɗalibai da wannan zance. Jarrabawa mai wuya sai an sha wuya. Ba wanda zai ci ta yana kwance.

Malam Bala: Ban ce a kwanta ba, Auwalu. Wuyar ce iri biyu. A 2006 wasu masu bincike, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗaliban jami'a wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi. Wasu kuma sau ɗaya suka samu damar karantawa, sauran lokacin aka ce su rufe takarda su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu maimaitawa sun riƙe wajen kashi 40 cikin 100, masu gwada kansu wajen kashi 61.

Zainab: Ikon Allah. Kuma su ne suka fi ƙarancin kallon takardar.

Malam Bala: Ga abin da ya fi ɗaure kai: masu maimaitawar su suka fi amincewa cewa za su tuna. Idan idonka ya saba da shafi, sai ka ji kamar ka iya. Sabo ne kawai. Shi ya sa mutum zai kwashe makonni yana ja wa layuka kala, ya zo gaban tambaya kansa ya ɗauke. Daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci cewa awannin ne ba su isa ba, ya ƙara, ya rage barci, abin ya ƙara lalacewa.

Auwal: Wato rufe littafi ka tambayi kanka ya fi wuya, amma ya fi gajarta.

Malam Bala: Ƙwarai. Amsa tambayoyin shekarun baya, ko ka bayyana wa abokinka darasin da baki, ya fi daɗewa kana zura wa shafi ido. Kuma za ka tashi ka san inda kake, abin da ka iya da abin da ya rage. Rashin sanin nan shi ke hana ɗalibi sukuni.

Zainab: Akwai kuma masu tara komai sai saura mako biyu.

Malam Bala: Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan an koyi abu, daga baya ta lafa. Don haka abin da ka karanta yau, waiwaye shi gobe, sai bayan kwana uku ko huɗu, sai bayan mako. Kowace waiwaya ba ta cin lokaci.

Auwal: Ni tsarin da na ga ana yayi shi ne na Francesco Cirillo, ɗan Italiya: minti 25 na karatu, minti 5 na hutu.

Zainab: Yaya Auwal, ni wannan bai karɓe ni ba. Kana tsakiyar warware lissafi, ka fara gano bakin zaren, sai ƙararrawa ta kaɗa.

Auwal: To ki mayar da shi 50 da 10 mana, ai ba wahayi ba ne. Amfaninsa shi ne ya sa ka fara a ranar da ba ka jin yi. Matsalar tana wajen hutun. In ka ajiye littafi ka ɗauki waya, ba ka huta ba, kuma minti biyar ɗin sai ta zama awa. Gara ka miƙe, ka taka, ka sha iska.

Zainab: Mu zo kan barci, don nan ne ɗalibai suka fi yin gardama. Wani zai ce dare ne kaɗai yake samun shiru.

Malam Bala: Ya yi karatun daren, amma ya biya barcin. Matasa 'yan shekara 13 zuwa 18 suna buƙatar awa 8 zuwa 10, manya kuma aƙalla 7. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take sake bin abin da aka koya da rana tana kafa shi. Wanda ya kwana karatu ya hana ta wannan aiki, sannan ya wayi gari hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Auwal: Sai a sha kofi, Malam.

Malam Bala: Kai dai ba ka rasa mafita! Akwai wani sinadari, adenosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa muddin kana farke, shi ke sa ka jin barci. Sinadarin caffeine da ke cikin kofi toshe masa hanya kawai yake yi, gajiyar tana nan tana jira. Kuma yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Ka sha da ƙarfe shida na yamma, sha ɗayan dare rabi yana nan. Ka kwanta ka kasa barci, gobe ka ƙara sha. Ƙwayoyin hana barci kuwa, ba da izinin likita ba, kada ma a fara.

Zainab: To wanda yake sauraronmu kuma ya riga ya kai can fa? Jarrabawa ta matso, shi kuma ya ƙosa.

Malam Bala: Ya ɗauki yini guda cur ba littafi, kuma ya sa shi a jadawalinsa tun da wuri, don kada zuciya ta riƙa tuhumarsa. In ya dawo, ya rage burin. Ya zaɓi darussan da suka fi fitowa da waɗanda ya fi rauni a kai, ya haƙura da gama komai. Iyaye ma su taimaka. Maimakon "awa nawa ka yi yau?", a ce "koya mini abu ɗaya da ka gane yau".

Auwal: Amma akwai inda hutun yini guda ba zai yi magani ba.

Malam Bala: Akwai. In ƙuncin ya kai mako biyu, ba karatu kaɗai ba, har abokai da duk abin da yake so a da sun fita daga ransa, barci ya rikice, ko ya fara tunanin cutar da kansa, wannan ya wuce batun jadawali. Ya gaya wa wani babba da ya amince da shi, a je a ga likita, kada a ce sai an gama jarrabawa.

Zainab: Malam Bala, Yaya Auwal, mun gode. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.