Yau na kai ku Rotunda, inda na haifi autata

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, Dublin ce, babban birnin ƙasar Ailan, tun safe ake yayyafi. Yanzu na sauko daga Luas, jirgin ƙasa na cikin gari, a tashar Parnell, ga ni a ƙarshen titin O'Connell. Bari in juya muku kamara. Kun ga ginin dutsen can mai hasumiya? Ranar da na fara ganinsa na ɗauka fadar wani sarki ce. Asibitin haihuwa ne, sunansa Rotunda, kuma a nan na haifi autata.

Tun 1745 wannan asibiti yake karɓar haihuwa, shi ya sa ake ƙirga shi a matsayin asibitin haihuwa mafi daɗewa a duniya da bai taɓa daina aiki ba. Wanda ya kafa shi wani likita ne, Bartholomew Mosse. Matarsa ta fari ta rasu bayan haihuwa, jaririn ma bai zauna ba. Ga shi kuma ƙasar Ailan ta fito daga yunwar 1740 zuwa 1741, matan talakawa suna naƙuda a ɗakunan ƙasa masu sanyi, ba wuta, ba mayafi. Sai ya kama wani tsohon gidan wasan kwaikwayo a George's Lane, ya sa gadaje 10, ya ce duk matar da ba ta da hali ta zo.

Ba mai kuɗi ba ne fa, wannan shi ne abin da ke taɓa min zuciya. Da wurin ya yi kaɗan, ya nemi wannan filin, ya shuka lambun shaƙatawa, ya riƙa shirya kiɗe-kiɗe da taruka, masu hali su biya kuɗin shiga, kuɗin ya koma kan gadon mai naƙuda. Har bashi ya ci saboda ginin nan. An buɗe shi a 1757, shi kuwa ya rasu a 1759, hannunsa ba komai. Ku dubi zagayayyen zauren can gefe. An gina shi ne don irin waɗannan taruka, kuma daga siffarsa asibitin ya samu sunan Rotunda.

Ba zan shiga da kamara ba, akwai mata a ciki, kuma mai ciki tana da sirrinta. Amma zan faɗa muku yadda abin yake. Idan kina zaune a ƙasar nan, awo da haihuwa kyauta ne a ɓangaren gwamnati. Wani awon a wajen likitan unguwarku, wani a nan. Wajen mako na 20 za a yi miki hoton ciki mai tsawo, a duba zuciyar jariri da ƙashin bayansa ɗaya bayan ɗaya. Akwai sashen masu ƙaramin ciki da suka ga jini, akwai ɗakin bakwaini inda ake sa su a kwalba, akwai masu koyar da shayarwa, akwai kuma sashe na musamman na waɗanda aka yi wa fyaɗe. Jarirai sama da 8,000 ake haifa a nan duk shekara.

Asibitin koyarwa ne kuma. Ɗaliban likita na RCSI, wato kwalejin likitocin tiyata ta Ailan, da masu koyon aikin ungozoma daga jami'ar Trinity duk a nan suke goge hannu. Shugaban asibitin har yau Master ake kiransa, shekara 7 yake yi ya sauka. Daren da na haihu, wata ɗaliba ce ta fara shigowa ta nemi izinina kafin ta tsaya. Na ce ta tsaya. Yarinyar nan ba ta gusa ba har asuba, tana jiƙa tsumma tana goge min goshi, babbar ungozomar tana nuna mata yadda ake sauraron bugun zuciyar jariri. Da aka ɗora min 'yata a ƙirji, na ga ita ma idonta ya kawo ruwa.

Bayan nan aka kawo min shayi da gasasshen burodi da man shanu, haka al'adarsu take ga mai jego. Na sha, na gode Allah, amma raina yana wajen kunun kanwar Hajiyarmu. Maigida ya sunkuya ya yi wa jaririyar kiran salla a kunne, ungozomar ta ja labule ta ba mu wuri har ya gama.

Ruwan ya fara ƙarfi, bari in rufe kamarar nan kafin ta jiƙe. Zan leƙa kasuwar titin Moore in sayi attarugu, sai mun haɗu a gida.