Kuɗin Ci a Wurin Wasan Yara: Lissafin da Ya Kamata a Yi Tun Daga Zariya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar ciki za mu yi, amma cikin yara a wurin wasa, irin manyan wuraren nan masu lilo da motocin karo da jirgin da yake ɗaga mutum sama ya juyo da shi, waɗanda ake kai iyali lokacin hutun makaranta ko bayan an gama kallon hawan Sallah a ƙofar Fada.

Na lura duk mai shirin irin tafiyan nan abu uku yake lissafawa, kuɗin mota ko mai, kuɗin masauki, sai tikitin shiga. In ka ce masa abinci fa, sai ya ce ai abinci ba matsala bane, in mun je ma gani. Toh wannan "ma gani" ɗin ita ce take cinye aljihu.

Ni ta taɓa faruwa da ni, shi yasa nake maganan da zafi. Wata ƙaramar Sallah muka tashi mu bakwai, ni da maiɗakina da yara uku da ƙanwarta da ɗan yayana, muka je wani wurin wasa a wani gari. Mun bar gida da sassafe, shayi kawai aka kurɓa saboda ɗoki, muna shiga kafin a hau lilo na biyu ƙaramar ta fara cewa Baba yunwa, aka sayi gugguru, aka sayi lemo, rana ta take aka sayi ruwa, aka sake sayen ruwa, kafin azahar abin da na ware na wunin gaba ɗaya ya tafi kuma ba wanda ya ci abinci mai nauyi. Da la'asar yarinyar nan ta tsaya a gaban mai askirim, wasu yara sa'anninta suna ta karɓa, ta ɗago kai ta kalle ni ba ta ce komai ba, ni kuma abin da ya rage a aljihuna na man komawa ne. Na ce mata a bari sai anjima. Har yau in na tuna kallon nan sai na ji wani iri a raina.

Me yasa abinci yake tsada a ciki? Ba wani sirri bane. Da ka wuce geti ka zama nasu, babu mai masa a tsallaken titi, babu mai awara a bakin lungu da za ka ce bari in leƙa can. Mai shagon da ke ciki yana biyan hayan wuri mai tsada ko kuma yana ba masu wurin kaso daga cinikinsa, ga janareta yana shan mai, ga ma'aikata, kuma cinikin nasa na lokaci ne, Sallah da Kirsimeti da ƙarshen mako, dole ya fanshe a kan wanda ya zo. Sannan ku duba inda ake ajiye masu gugguru da alawar auduga, daidai ƙofar da yaro zai fito daga lilo, ko gefen layin da za ku daɗe a tsaye, ƙamshi yana bugun hancinsa. An tsara abin ne, ba haka kawai ya faɗo ba.

Saboda haka lissafin ana yinsa ne a gida, a kan tabarma, da biro da takarda, kai da uwargida, don ita ta san wane yaro ne mai ci, wane ne mai taɓawa ya ture. Kuma a yi shi da kai-kai, ba a dunƙule ba. Bari in ba da misali, lambobin nan na misali ne kawai, ku sa farashin da kuka binciko. A ce ku shida ne, manya biyu yara huɗu. A ce faranti ɗaya na shinkafa da kaza naira 5,000, sau shida 30,000 kenan. Lemo 1,000 kowa ɗaya, 6,000. Ruwan gora 500, amma fa a zafin nan ba wanda gora ɗaya za ta isa, a ba kowa uku, 9,000. Askirim ko gugguru na yara 2,000 sau huɗu, 8,000. An tashi 53,000, cin rana ɗaya tak, ba karin safe ba na dare. In kwana uku za ku yi sai ku ninka da kanku ku gani. Yawancin mutane a nan suke yin shiru, don sai su tarar kuɗin ci ya kamo na tikiti ko ma ya wuce shi.

Yanzu ina za a rage? Ku fara da ruwa, don shi ne ɓarawon da ba a ji tafiyarsa. A sayi katon ɗaya ko leda ɗaya a unguwa kan farashin kasuwa, a saka gorunan a firiza tun daren jiya su ƙanƙare, da safe a jera su a kula, su ne ƙanƙarar kuma su ne ruwan sha, suna narkewa kuna sha har yamma. Zoɓo ma haka, in ya daskare yana kai wuni lafiya lau. Amma dan Allah kar a ɗauki kunun aya, ba ya jure zafi, 'yan awanni kaɗan ya yi tsami, kuma ba abin da ke lalata tafiya kamar cikin yaro ya ɓaci a inda banɗaki yake da layi. Fura da nono ma ni ban ba da shawara ba sai dai in a hanya za a sha da wuri.

Sai karin safe. Wannan shi ne rabin aikin wallahi. Kar a shiga da yara ciki ba komai. A ci mai riƙe ciki, ƙosai da koko, ko waina da miya, ko doya da ƙwai, ko ɗanwake ma in an samu, wanda zai kai su azahar ba su waiwayi kowa ba. In a otal kuka sauka ku tambaya tun wajen kama ɗaki ko kuɗin ya haɗa da karin safe, kuma na mutum nawa, don wani wurin na mutum biyu ne kawai, yaran sai an biya daban. In ɗakin yana da ɗan firij da butar lantarki ai kun huta, burodi da madara da ganyen shayi daga kanti sun gama magana.

Guzuri kuwa mu nan ba sai an koya mana ba, kayanmu kamar don tafiya aka yi su. Dambun nama, kilishi, cincin, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, alkaki, dublan, duk ba sa lalacewa kuma ba sa cin wuri a jaka. Zagaye ɗaya a kasuwan Sabon Gari ko Tudun Wada ya isa. Abin da na koya shi ne kar a zuba a roba ɗaya babba, a ƙulla ƙanana-ƙanana kowane yaro da nasa, in ba haka ba babban cikinsu zai gama da shi tun kafin ku wuce Jaji.

Sai dai kafin ku cika kula ku tabbatar wurin yana barin a shiga da abincin waje, don kowanne da dokarsa. Ko Magicland ne na Abuja, wanda da ake ce ma Wonderland, can kusa da ƙofar shiga gari da babban filin wasa, ko Hi-Impact Planet da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan, ko nan kusa Gamji Gate a Kaduna, ku kira su ko ku tura saƙo a shafinsu ku yi tambaya biyu. Ta farko, ana shiga da abinci da ruwa? Ta biyu, in mutum ya fita zai iya dawowa da tikitin nan a ranan? Ta biyun nan tana da muhimmanci sosai, don in ana dawowa, sai ku bar kular a but ɗin mota, lokacin azahar ku fito ku yi sallah, a shimfiɗa darduma a inuwa a ci dafa-dukan gida, yara su huta, ku koma da ƙarfinku. In kuma jirgin ƙasa za ku bi daga Rigasa zuwa Idu ko Kubwa, babu but, sai a rage kaya a tsaya kan busassun nan da jakar goyo za ta ɗauka.

Ga waɗanda Allah ya hore wa za su ƙetare, nan lissafin yake ƙara kauri. Disney World da ke Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, wanda aka buɗe a 1971, duk girmansa yana barin mutum ya shiga da abincinsa da abin sha marar giya, sharaɗin dai ban da kwalba ko mazubin gilashi, ban da ƙanƙara a warwatse, kuma a wuraren sayar da abinci na tsaye in ka roƙi kofin ruwan sanyi kyauta za su ba ka. Mutane da yawa ba su san wannan ba suna ta sayen gora da dala. Amma a Amurka farashin da ka gani a allo ba shi za ka biya ba, sai an ɗora haraji a wajen biya, in kuma gidan abinci ne na zama da ake kawo maka har tebur, akwai tukwicin ma'aikaci da aka saba bayarwa, kamar kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, kuma a can ba a ɗauke shi alfarma ba, kusan dole ne. Ka sa shi a lissafi tun farko. Wani abu kuma, kar ka ce za ka tafi da kilishi ko dambun nama Amurka, jami'an kwastan ba sa barin nama ya shiga, ƙwacewa za su yi, in ka ɓoye ba ka bayyana ba har tara ana ci. Ka isa can ka shiga babban kanti ka yi sayayyan burodi da 'ya'yan itace da madara.

Ga kuma maganar halal, wadda ta fi kuɗin ma nauyi. A Amurka ko Disneyland na Faris a Faransa, naman da ke cikin boga da tsiran turawa ba yankan Musulmi bane sai in an rubuta, wani ma na alade ne, har alawa mai danƙo wata da sinadarin alade ake yi. Mafita mai sauƙi kifi, dankali, fiza mai cuku zalla, kayan lambu, kuma ka buɗe baki ka tambaya, ba abin kunya bane. A Dubai da Abu Dabi wannan damuwar ta ragu sosai, sai dai can kuma da yawa daga manyan wuraren wasan ba sa barin abincin waje, don haka cin safe mai nauyi da cin dare a cikin gari su ne za su cece ka. Global Village, wurin wasa da baje koli da ke Dubai, ita da yamma take buɗewa kuma lokacin sanyi kawai, kaga sai a ci na rana a ƙoshi kafin a tafi. Ku tuna dirhami a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a dala ɗaya, duk ranan da dala ta tashi a kan naira shi ma ya tashi, saboda haka lissafin da ka yi wata uku da suka wuce ka sake duba shi satin tafiya.

Toh duk wannan ragin da muke yi ba don a hana yara bane, a nan nake so a fahimce ni da kyau. Yaro bai san kuɗin mai ba, bai san na otal ba, abin da zai ba abokansa labari a makaranta shi ne ya hau lilo kuma Baba ya saya masa askirim mai kala biyu. Don haka kuɗin kwaɗayin nan shi ake fara warewa, ba shi ne ragowa ba. Ni yanzu ambulan nake samu, kowane yaro da sunansa a jiki, in sa abin da na yanke, in gaya masa tun a mota, wannan naka ne, abu ɗaya ko biyu zai saya maka, kai za ka zaɓa kuma kai za ka zaɓi lokaci. Za ku sha mamaki, yaron da da yake nuna komai da yatsa sai ka ga ya zagaya shago uku yana tambayan farashi kafin ya fidda ko sisi. Farantin manya kuma a irin wuraren nan sau da yawa yana isan yara biyu, a sayi ɗaya a nemi ƙarin cokali, in bai isa ba a ƙaro, ya fi a sayi huɗu a bar rabi a tebur.

Kuɗin cin ku riƙe shi daban da na mai, in da hali tsaba a hannu, na kowace rana a ƙulle shi daban. Kati da taransfa suna sa mutum bai jin fitan kuɗi sai alat ya taru, ga shi ranan Sallah in jama'a sun yi yawa sabis yakan ɗauke, kana tsaye da yara POS yana ta juyi. A kan jimillar kuma ku ɗora kamar kashi goma na ko-ta-kwana, don lemo zai zube, askirim zai faɗi ƙasa, ko ku haɗu da 'yan uwa a can kuma ba yadda za a yi ka saya wa naka ka bar nasu suna kallo.

Sai ranan dawowa, wadda kusan kowa yake mantawa da ita. Hanya tana iya cin lokaci fiye da yadda aka zata, go-sulo ko aikin titi, ku iso Kwangila ko Ɗan Magaji bayan isha'i, yara sun yi barci a jikin juna da yunwa, gida ba a ɗora tukunya ba, uwargida ita ma a gajiye take liƙis. Ku ware na wannan daren tun farko a sa shi a aljihun jaka na ciki kar a taɓa, ko na tsire da burodi ne, ko a tsaya wajen mai shayi a soya indomi da ƙwai a ƙullo a leda a shiga da shi gida.