Me ya sa notin babur yake kwancewa, kuma yaya ake hana shi?

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci daga nan Zariya. Ina tare da abokan hirata, Oga, wanda ya daɗe yana gyaran babura a Sabon Gari, da Injiniya, wadda ta karanci fannin injuna. Oga, duk wanda ya saba hawa acaba daga Kwangila zuwa Samaru ya san karakaf ɗin salansar da ta saki. Waɗanne notuna ne suka fi kwancewa a jikin babur?

Oga: Wa'alaikumus salam. Malam, waɗanda aka fi kawo mana su ne na salansa, da na matakin ƙafa, da na kariyar baya, da na murfin sarƙa, amma waɗannan ɓacin rai kawai suke jawowa. Waɗanda suke ba ni tsoro su ne notunan sifoket ɗin baya, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa take hawa, da notin sandar da ta ratsa taya, da ɗan ƙaramin notin ƙarfen da yake riƙe farantin birkin baya, domin idan wannan ya fita, ana taka birki farantin zai juya tare da taya. Baburan da muke hawa, irin su Boxer da Jincheng, fistin ɗaya gare su, shi ya sa girgizarsu take da yawa, ga shi kuma ana ɗora musu buhunan masara daga Giwa a biyo gargada da su.

Malam: Injiniya, ashe girgiza ce kaɗai take da laifi?

Injiniya: Girgiza tana ƙarasa aikin ne, Malam, amma ɓarnar takan fara tun daga wajen ɗauri. Idan aka juya noti, ƙusar da ke cikinsa tana ɗan miƙewa, miƙewar da ido ba ya gani, kuma ƙoƙarinta na komawa yadda take shi ne yake matse ƙarafan biyu, kamar dai robar da ake ɗaure kaya da ita a bayan babur: idan ba a ja ta ba, ba ta riƙe komai. A shekarar 1969 wani injiniya ɗan ƙasar Jamus, Gerhard Junker, ya nuna cewa motsin da ya fi kwance noti shi ne na gefe da gefe, wato lokacin da ƙarafan da aka haɗa suka ɗan zame wa juna. A daidai wannan lokaci gogayyar da ke riƙe zaren, wato murɗaɗɗen tsagin da ke jikin ƙusa da cikin noti, takan gushe, notin ya ɗan juya baya, kuma idan haka ta maimaitu sau dubbai sai ya fita. Har yanzu da sunansa ake kiran gwajin da ake yi wa notuna a kan na'urar girgiza. Akwai kuma sakin da ba ya buƙatar juyawa: fenti ko tsatsa ko yashi da ke ƙarƙashin noti yakan murƙushe bayan 'yan kwanaki, matsin ya ragu.

Oga: Shi ya sa sabon babur da aka haɗa daga kwali yake buƙatar a bi notunansa gaba ɗaya a sabis na farko, amma da yawan masu shi baƙin mai kawai suke so a canza musu su kama gabansu.

Malam: To, idan matsi ne magani, me zai hana a matse iya ƙarfi?

Oga: Nan ne muke fama da yaran gareji. Yaro zai zura bututu a ƙotar sifana lamba 10 ya hau kai da dukan ƙarfinsa, sai ka ji notin da yake turjiya ya yi laushi farat ɗaya, wato zaren ya cinye ko ƙusar tana shirin gutsurewa. Jikin inji alminiyom ne, ya fi ƙusar taushi, saboda haka zaren injin ne yake fara mutuwa. Notin zubar da baƙin mai ya fi kowane shan wannan wahala, daga nan sai ɗigar mai a tsakar gida.

Injiniya: Kowane noti yana da ma'auninsa a littafin kamfani, kuma akwai sifana mai awo wadda take yin ƙara idan an kai iyaka. Ƙusa mai kaurin milimita 6 takan tsaya wajen niyuton-mita 10, wato ma'aunin ƙarfin juya noti, mai milimita 8 kuwa ashirin da 'yan kai. Wajen kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da hannu yake sawa gogayya ce take cinye shi, ɗan ragowar ne yake miƙar da ƙusar, don haka zare mai tsatsa yakan yaudari hannu, ka ji ya matsu alhali bai matsu ba, wanda aka shafa wa giris kuma ya zarce iyaka ba ka sani ba. Sannan a riƙa duba lambar da ke kan ƙusa, irin su 8.8 ko 10.9, domin ita take nuna ƙarfin ƙarfen. Wadda ba ta da lamba, ni dai ba zan yarda a sa ta a sifoket ba.

Oga: Injiniya, Allah ya ƙara sani, amma mu a gareji washa mai sifirin muke sawa, wato tsagaggen zoben ƙarfen nan da ake sawa a ƙarƙashin noti, kuma mun gaje ta daga iyayen gidanmu.

Injiniya: Ranka ya daɗe, a nan za mu ɗan saɓa. Da zarar an matse noti sosai, wannan washa takan baje ta koma daidai da shimfiɗaɗɗiya, kuma littafin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1990 a kan ƙusoshi da notuna ya bayyana cewa a wannan hali ba ta kulle komai.

Oga: Ban musa ba, sai dai a ganina takan ɗan jinkirta faɗuwar notin da ya riga ya saki har mai babur ya ji ƙara. A murfin sarƙa zan ci gaba da sa ta, a birki kuwa ba ita nake dogara da ita ba.

Malam: To me kuke dogara da shi?

Injiniya: Kowane wuri da abin da ya dace da shi. Akwai ruwan kulle zare, wanda aka fi sani da Loctite, da wani masanin sinadarai, Vernon Krieble, ya samar a Amurka a 1953. Ba ya daskarewa sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda babu iska, ya cike gurbin da noti yake motsi a ciki. Shuɗin shi ne na yau da kullum, domin sifana tana iya kwance shi, jan kuwa sai an gasa wurin ya kai wajen digiri 250 a ma'aunin Selsiyos kafin ya saki, saboda haka kada a kai shi kusa da ƙananan ƙusoshi. Sharaɗinsa shi ne a wanke zaren daga mai ya bushe, a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu, kuma cikar ƙarfinsa sai bayan awa 24. Noti mai zoben roba a bakinsa yana da kyau a kariya da matakin ƙafa, amma ban da salansa, domin robar ba ta jure zafin da ya haura digiri 120, kuma idan ya fara shiga da yatsu ba turjiya, aikinsa ya ƙare.

Oga: A salansa noti biyu nake sawa, in riƙe na ƙasa da sifana ɗaya in matse na sama a kansa da wata, sannan in sake bin su bayan inji ya yi zafi ya huce. Masu ɗiga wa noti walda kuwa, ranar da za a kwance su ne za su biya kuɗin. Game da notin taya mai tsage-tsage a kai, an yi shi ne domin a zura fin, wato ɗan siririn ƙarfe mai ƙafa biyu, ta ramin sandar a lanƙwasa ƙafafunsa biyu, amma sau da yawa za ka tarar da guntuwar waya ko ƙusar kafinta a wurin, wani lokaci ma ramin fayau.

Malam: Wanda ba makaniki ba fa, yaya zai gane noti ya fara motsi?

Oga: Bayan an ɗaure, ya sami fenti ya ja ɗan layi daga kan notin zuwa jikin ƙarfen da ke gefensa. Da safe kafin ya tayar da babur ya duba, idan layin ya rabu biyu, notin ya juya. Jar ƙura kamar garin tsatsa a kewayen noti ita ma alama ce cewa ƙarafan suna gogar juna. Kuma duk ranar da aka cire tayar baya a wajen mai faci, kada ya hau sai ya ga da idonsa an mayar da notin ƙarfen birki da fin ɗinsa, sabo idan da hali, domin wanda aka lanƙwasa aka miƙe yakan karye a gaɓar.

Malam: Oga, Injiniya, mun gode. Masu sauraro, a nan za mu dakata, sai Allah ya kai mu shiri na gaba.