Amsoshin Tambayoyinku: Wuƙar Yanka Daban, Ta Fiɗa Daban

To jama'a, agogo na hararar mu, bari mu ɗaga ƙafa.

Wani mai sauraro daga Zariya yana tambaya, wai yuƙa da wuƙa abu ɗaya ne? Ɗaya ne malam, bakin Sakkwatawa ne kawai.

Wata baiwar Allah daga Kumasi ta ce wace wuƙa ce a jikin tutar ƙasar Oman? Sunanta hanjar, lanƙwasasshiya ce, 'yar'uwar jambiya da mutanen Yaman ke sokewa a ɗamara don ado.

Sai tambayar da ta fi yawa a wannan mako, da yake Layya ta ƙarato: yaya ake bambanta wuƙar yanka da ta fiɗa? Ga wani dattijon mahauci tare da mu. Baba, bismilla.

"To ɗana, ai wuƙar yanzu ba wuƙa ba ce. Mu da muka tashi, maƙeri ke ƙera ta da ƙarfen sifirin na mota. Ka wasa da safe, ka wuni kana aiki. Sai dai tsatsa, in ka bar ta da jini ta kwana. Ta kanti kuwa sai sheƙi, rago biyu ta dasashe."

Baba, bambancin ake tambaya.

"Ai can zan zo. Ta yanka doguwa ce, bakinta miƙaƙƙe, ta zarce faɗin wuyan dabba, don a ja ba tare da an yi ta gurzawa ba. Ta fiɗa gajeriya ce, cikinta ya lanƙwasa, ba ta da tsini sosai, saboda kada ta huda fata. Fatar da ta huje majemi ba ya taya ta da daraja."

Kun ji ko? Bari in maimaita. Doguwa mai miƙaƙƙen baki, yanka. Gajeriya mai lanƙwasa, fiɗa. Ƙashi kuwa aikin adda ne ko gatari, masu kaurin baya. Ku maza masu ɗauko wuƙar albasar uwargida ku sari ƙashi, ku mayar mata da ita duk giɓi, ku ji tsoron Allah! Kuma hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. A wasa tun daren jajibiri, ba a gaban ragon ba.

Mai tambaya a kan askar wanzamai daga Damagaram, yi haƙuri, sai mako mai zuwa.